Jagorar Saye da Buga Wasannin Tafiyar da Rayuwa a Kwamfuta ga Mazauna Kebbi

Akasarin matasan da ke buga wasa a kwamfuta a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri sun fi sabawa da ƙwallon ƙafa da tseren mota da harbe-harbe, wato wasannin da cikin 'yan mintoci ake sanin wanda ya yi nasara da wanda aka kayar. Akwai kuma wani rukuni da bai yaɗu sosai a wajenmu ba, wanda babu abokin karawa a cikinsa, babu kuma ranar da za a ce an kai ƙarshe. Ana damƙa maka mutum ɗaya, ko iyali guda, ko wata gona da ta daɗe ba a taɓa ba, sai ka ɗauki nauyin tafiyar da rayuwarsu, tun daga ci da sha da barci har zuwa neman aiki, gina gida, biyan kuɗin wuta, aure, haihuwa da tsufa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne The Sims, wanda kamfanin Maxis na Amurka ya ƙirƙira ƙarƙashin jagorancin Will Wright, kamfanin Electronic Arts kuma ya fitar da shi kasuwa a shekarar 2000. An yi na biyu a 2004, na uku a 2009, sai na huɗu a 2014, wanda har yanzu shi ake yayi.

Waɗannan wasanni ba su da wuyar koyo. Inda mutanenmu ke yin asara shi ne wajen saye, domin sau da yawa mutum yakan ga bidiyon wasa a YouTube ko TikTok ya burge shi, ya biya kuɗi ko ya ƙone datar wata guda wajen saukewa, sannan ya tarar kwamfutarsa ba za ta iya ɗauka ba. Farashin da aka rubuta a shafin sayarwa wani ɓangare ne kawai na abin da mazaunin Kebbi zai kashe, sauran suna cikin data da canjin dala da wutar da za a kunna na'urar. Shi ya sa biyan kuɗi bai zo a farkon matakan nan ba.

Fara da sanin ƙarfin kwamfutarka

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ƙaramin akwati zai buɗe, sai ka rubuta dxdiag a ciki ka danna OK. Shafin farko zai nuna maka nau'in Windows ɗin da ke kan na'urar, sunan furosesa, wato injin da ke sarrafa ayyukan kwamfutar, da yawan RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da take kai, shafin da aka rubuta Display kuma zai nuna katin da ke sarrafa hoto. Ka rubuta waɗannan a takarda, sannan ka buɗe This PC ka ga yawan wurin da ya rage a ma'ajiyar kwamfutar. Kowane wasa da ake sayarwa yana da jerin buƙatu biyu a ƙasan shafinsa, mafi ƙanƙanta da kuma waɗanda kamfanin ya ba da shawara, kuma da takardar nan taka za ka gwada su. Shawarata ita ce kada ka dogara da jerin farko, domin ma'anarsa ita ce wasan zai buɗe, ba wai zai yi tafiya ba tare da sarƙewa ba.

Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun ɗalibai, ko a jami'ar tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero ko kwalejin Waziri Umaru, na gwanjo ne ƙirar HP ko Dell ko Lenovo, waɗanda asali don aikin ofis aka ƙera su, kuma ba su da katin hoto mai zaman kansa sai na Intel da ke haɗe da furosesa. Irin waɗannan ba abin rainawa ba ne, za su ɗauki biyu daga cikin wasanni ukun da za a yi bayani, matuƙar Windows ɗin mai 64-bit ne kuma bai gaza Windows 10 ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 manhajar Steam, wato kasuwar sayen wasannin kwamfuta, ta daina tallafa wa Windows 7 da 8, saboda haka wanda na'urarsa ke kan ɗayansu sai ya fara zuwa wajen mai gyara. Idan RAM ɗinka gigabayit 4 ne, ƙara shi zuwa 8 da sauya tsohuwar ma'ajiya mai juyawa da sabuwa mai sauri da ake kira SSD sun fi duk wani sayayyar da za ka yi a cikin wasa amfani, kuma za ka ga tasirinsu har a sauran ayyukanka.

Wane wasa ya dace da kai

The Sims 4 shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, saboda tun ranar 18 ga Oktoban 2022 Electronic Arts ya mayar da tushen wasan kyauta ga kowa. Yana neman RAM gigabayit 4 a ƙalla, an fi son 8, da wurin ajiya kimanin gigabayit 25. Kyautar tana da dalili, domin kamfanin yana samun kuɗinsa ne daga ƙarin fakiti da yake sayarwa daban-daban: manya a kan dala 39.99, matsakaita 19.99, ƙanana 9.99, sai mafi ƙanƙanta 4.99. Wani fakitin yana kawo sauyin yanayi da ruwan sama, wani kyanwa da kare, wani jami'a, wani kiwon kaji da shanu. Lamarinsu kamar kayan ɗakin amarya ne, ba a gama sayensu, kuma kullum akwai sabon yayi. Wanda ya ce sai ya mallake su duka zai kashe fiye da dala 1,000, alhali tushen wasan kaɗai zai ɗauki mutum watanni bai gama ganin abin da ke ciki ba.

Na biyu shi ne Stardew Valley, wanda mutum ɗaya mai suna Eric Barone ya rubuta, ya zana, ya kuma tsara sautinsa, ya fitar a watan Fabrairun 2016. Kana gadar gonar kakanka ne a wani ƙauye, ka share ta, ka yi shuka, ka yi kiwo da kamun kifi da haƙar ma'adinai, kana kuma ƙulla zumunci da mutanen garin. Farashinsa dala 14.99 ne a kwamfuta, biya ɗaya, kuma duk sabuntawar da aka yi masa zuwa yanzu, har da babbar da ta fito a Maris na 2024, ba a karɓi ko sisi a kanta ba. Girmansa bai wuce megabayit 500 ba, RAM gigabayit 2 ya ishe shi. Zanensa irin na tsofaffin wasanni ne, wanda kan sa wasu su raina shi a kallon farko, amma idan aka auna data da wuta da ƙarfin na'urorin da ke hannun mutane a jihar nan, ban san wani wasa a wannan rukuni da ya kai shi dacewa da mu ba.

Na uku, inZOI, shi ne wanda bidiyonsa ya fi jan ido, domin mutanen cikinsa sun yi kusa da hoton mutum na gaske. Kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ne ya fitar da shi a watan Maris na 2025 a kan dala 39.99, tun ana kan aikin kammala shi. Yana buƙatar katin hoto ajin RTX 2060 zuwa sama da RAM gigabayit 12 a ƙalla, wato laftof ɗin ofis ba zai ko kusanci ɗaukarsa ba. Wanda ba shi da irin wannan na'ura ya haƙura da shi tukuna. Haka nan mai neman Animal Crossing ya sani cewa na Nintendo ne, ba a sayar da shi don kwamfuta, duk wanda ya ce zai sa maka shi a laftof to ba ta halastacciyar hanya ba ce.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke da Hausa. The Sims ya fi dogara da alamomi da hotuna, mutanensa ma wani ƙirƙirarren yare suke yi da babu mai jinsa, don haka ɗan Ingilishi kaɗan ya wadatar. Stardew Valley kuwa akwai karatu da yawa a cikinsa, na wasiƙu da hirarraki da buƙatun maƙwabta.

Buɗe asusu

Kasuwanni uku ne suka shafe ka. Steam, mallakin kamfanin Valve, ita ce mafi girma kuma duka wasannin uku suna cikinta. EA app ta Electronic Arts ce, kuma ko ta Steam ka ɗauki The Sims 4 sai ka buɗe asusun EA ka haɗa su. Sai GOG, wadda ke ba ka fayil ɗin girka wasa ka adana abinka, ka girka duk lokacin da ka so ba tare da intanet ba, kuma Stardew Valley yana can. Ga wanda ke zaune inda sabis ke yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Ka rubuta adireshin shafin da hannunka maimakon bin mahaɗin da wani ya turo a WhatsApp. Ka yi amfani da imel ɗinka na kanka wanda kake tuna kalmar sirrinsa, ba na mai shagon da ya saita maka waya ba, domin duk wanda ke riƙe da imel ɗin shi ne mai asusun a zahiri. Ka zaɓi Najeriya a matsayin ƙasa. Wasu sukan yi amfani da VPN su nuna suna wata ƙasa don samun rahusa, wannan ya saɓa wa sharuɗɗan Steam kuma yana iya jawo a taƙaita asusun da duk abin da aka saya a cikinsa. Da zarar ka gama, ka kunna Steam Guard ta manhajar waya, yadda ko an sace kalmar sirrinka ba za a iya shiga ba.

Biyan kuɗi

Da dala ake yi wa 'yan Najeriya lissafi a Steam, saboda haka abin da zai fita daga asusunka ya danganta da canjin da bankinka ya yi amfani da shi a ranar, tare da ɗan cajin da yake ɗorawa. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje, a 2025 kuma wasu daga cikinsu suka dawo da shi tare da iyakar abin da za a iya kashewa. Kafin ka gwada, ka tambayi bankinka abu uku: ko katinka na Mastercard ko Visa yana aiki a shafukan waje, nawa ne iyakarsa, da kuma canjin da suke amfani da shi. Idan bai yi ba, akwai katin dala na asusun kuɗin waje, akwai kuma katunan dala na manhajojin waya waɗanda ake zuba musu naira. A irin na ƙarshen nan kada ka ajiye kuɗi mai yawa, ka zuba daidai farashin wasan da ɗan ƙari don caji, kuma idan biya ya ƙi shiga sau ɗaya ko biyu ka dakata, domin wasu suna cirar tara a kan kowane gwajin da bai yi nasara ba.

Kada ka saya ranar da ka fara sha'awa. Ka saka wasan a jerin abubuwan da kake so, wanda Steam ke kira Wishlist, za a turo maka imel duk ranar da aka rage farashinsa. Manyan lokutan rangwame biyu su ne ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Yuli, da ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, akwai kuma wasu a tsakani, kuma a irin waɗannan ranaku manyan fakitin The Sims 4 da suka kwana biyu sukan sauko zuwa rabin kuɗinsu.

Steam tana mayar da kuɗi idan ka nema cikin kwana 14 da saye kuma ba ka buga wasan ya kai awa biyu ba. Awanni biyun nan na gwaji ne, kada ka ɓatar da su wajen zaɓar wa mutuminka riga da aski. Ka shiga tsakiyar wasan, ka je wurin da ya fi cunkoso, ka saurari fankar kwamfutar, ka ga ko hoton yana tsalle, in bai yi maka ba ka nemi kuɗinka tun lokaci bai ƙure ba.

Hanyoyi biyu ne ya kamata a guje wa. Ta farko ita ce sayen asusun wani da aka ce yana cike da wasanni a farashi mai sauƙi, domin mai asusun na asali yana iya ƙwace abinsa ta imel ɗin da ya buɗe shi da shi, kuma babu inda za ka kai ƙara tunda cinikin kansa haramtacce ne a dokar kasuwar. Ta biyu ita ce kwafin sata da ake tura wa mutane a filash a shagunan kwamfuta. Ban da haƙƙin masu shi da ke kansa, irin wannan kwafi yakan buƙaci ka kashe manhajar kariya kafin ya girku, wato ka buɗe ƙofa da hannunka a na'urar da kake shiga banki da ita. Tunda tushen The Sims 4 kyauta ne, hujjar rashin kuɗi ma ta faɗi.

Saukewa ba tare da an yi asarar data ba

Stardew Valley ba shi da matsala, ko datar mako ta ishe shi. The Sims 4 ne ke buƙatar shiri, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025. Ka tanadi data da ta kusa girman wurin da wasan ke nema, ka kuma fara gwada wane layi ya fi ƙarfi a unguwarku, domin wanda ke gudu a tsakiyar Birnin Kebbi ba lallai ya yi hakan a Kamba ko Zuru ba. Tsarin datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa ya fi araha, kuma Steam da EA app duka suna ci gaba daga inda aka tsaya, don haka ana iya raba saukewar zuwa dare da yawa. Kafin ka haɗa kwamfutar da wayarka, ka shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection, in ba haka ba Windows zai riga wasan shanye datar da nasa sabuntawar.

Akwai wata dabara ta halal da ba kowa ya sani ba. Idan abokinka ya riga ya sauke wasan ta Steam, kuma kai ma ka saka shi a naka asusun, kana iya kwafar babban fayil ɗin wasan daga cikin steamapps, ƙarƙashin common, a kwamfutarsa, ka zuba a daidai wannan wuri a taka, sannan ka danna Install. Steam za ta gano fayilolin, ta tantance su, ta sauke abin da ya rage kawai. A ɗakin kwanan ɗalibai, mutum ɗaya ne zai yi babbar saukewar, sauran su haɗa masa kuɗin data.

Bayan an girka, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a EA app, a Steam kuma ka saita wasan ya sabunta sai lokacin da ka buɗe shi. Duka manhajojin suna da tsarin aiki ba tare da intanet ba, amma sai ka taɓa shiga asusunka ka buɗe wasan sau ɗaya da intanet kafin tsarin ya yi aiki.

Wuta, zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yakan haura digiri 40, kuma laftof ɗin da ke buga wasa yana ƙara nasa zafin a kai, idan ya yi yawa sai furosesa ta rage gudu da kanta, wasan ya fara ja da ƙyar. Kada a ɗora shi a katifa ko filo ko kafet, a sa shi a tebur a ɗan ɗaga bayansa don iska ta shiga, kuma a fi yin wasan da dare ko da sassafe. Bayan hunturu a kai shi a buɗe a share ƙurar da ta taru a fanka. A cikin saitin hoto na The Sims 4 akwai Laptop Mode, kunna shi yana rage kyan inuwa da haske amma yana sauƙaƙa wa na'ura da batir sosai. Mai kwamfutar tebur kuwa kada ya fara sai da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, ko da ƙarami ne da zai ba shi minti biyar ya adana wasa idan an ɗauke wuta, domin yankewar wuta a daidai lokacin adanawa tana iya lalata fayil ɗin gaba ɗaya.

Awannin farko a The Sims 4

Wasan yana farawa da ƙirƙirar mutum. Za ka zaɓa masa kama da tufafi da babban burin rayuwa da halaye uku, kamar son tsafta, fara'a, ƙwazo ko saurin fushi, kuma halayen nan suna tasiri a kan yadda zai riƙa ji da abin da zai yi idan ka bar shi. Tun 2019 akwai hijabi da hula a cikin tufafin kyauta, a ƙarshen 2020 kuma aka ƙara launukan fata fiye da 100, saboda haka ana iya fitar da mutum mai kama da na gida. Gida ɗaya yana ɗaukar mutum takwas, amma sabon shiga ya fara da ɗaya, ko biyu in ya matsa, domin kula da mutum huɗu lokaci guda yana rikita wanda bai saba ba.

Mutum ɗaya yana farawa da 20,000 na kuɗin wasan. Ka sayi ƙaramin gida da aka riga aka gina a Willow Creek ko Oasis Springs, garuruwa biyu na cikin wasan, ka bar gini daga tushe sai ka gane yadda kayan aikin suke. Abin da ya rage a hannunka ka sa shi a gado mai kyau kafin talabijin, saboda gado mai arha yana sa mutumin ya daɗe bai wartsake ba, ya tafi aiki a gajiye, ƙarin girma ya yi ta jinkiri. A ranar farko ka ɗauki wayarsa ka nema masa aiki, domin takardar kuɗin gida tana zuwa kowane mako, kuma idan aka ƙi biya sai a yanke wuta, daga baya a yanke ruwa.

A ƙasan allo ta dama akwai ma'aunai shida: yunwa, bayan gida, ƙarfin jiki, nishaɗi, hulɗa da mutane, da tsafta. Kore yana nufin lafiya, ja yana nufin an kusa shiga matsala. Dabarar wasan gaba ɗaya ita ce ka dakatar da lokaci da maɓallin P, ka jera masa ayyuka uku ko huɗu, sannan ka sake shi, kana amfani da 1 da 2 da 3 wajen sauya gudun agogo. Kafin ya tafi aiki ka duba abin da aikin ke nema don ƙarin girma, yawanci wata ƙwarewa ce da aikin gida na kullum, ka kuma tura shi cikin yanayin ran da ya dace. Ƙwarewar girki ita ce ta farko da ya kamata a ɗaga, saboda wanda bai iya ba yana iya tayar da gobara a murhu mai arha, kuma gobarar tana kisa. Har sai ya kai mataki na biyu ko na uku, ya riƙa haɗa abincin da ba ya buƙatar wuta, a kuma manna na'urar gargaɗin hayaƙi a kicin.

Akwai lambobin sirri da kamfanin da kansa ya bari a ciki. Idan ka danna Ctrl da Shift da C tare, ka rubuta motherlode, za a zuba maka 50,000 nan take. Ga mai sha'awar zane da gini kawai wannan daidai ne. Ga wanda yake son wasan rayuwar kuwa, ina ganin ya bar shi, domin da zarar kuɗi ya daina zama matsala sai aiki da ƙwarewa da tattali duk su rasa ma'ana, cikin kwana biyu wasan ya gundure shi. Idan kuma ka ga mutuminka yana tsufa kafin ka cim ma abin da kake so, a saitin wasa ana tsawaita shekaru ko a dakatar da tsufa. Ka riƙa adanawa da hannunka akai-akai, ka kuma yi amfani da Save As lokaci zuwa lokaci don ka sami kwafi fiye da ɗaya.

Zangon farko a Stardew Valley

Shekarar wasan zango huɗu ce, kowanne kwana 28, kuma yawancin amfanin gona yana mutuwa ranar da zango ya sauya, don haka kafin ka shuka komai ka duba kwanakin da yake ɗauka ka lissafa ko zai nuna. Rana tana farawa ƙarfe 6 na safe, dole kuma ka kwanta kafin ƙarfe 2 na dare, in ba haka ba mutuminka ya faɗi a inda yake, ya tashi da ƙarancin ƙarfi, wani lokaci da asarar kuɗi. Rana guda tana ɗaukar kimanin minti 14 na agogon gaske, kuma a kwamfuta wasan ba ya adanawa sai an kwanta barci. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu: idan batir ya mutu da yamma aikin ranar duka ya tafi, sannan idan an kusa kiran salla ko lokacin fita, kada ka fara sabuwar rana.

Za ka fara da kuɗi 500 da iri 15 na parsnip, wata saiwa fara da ke nuna cikin kwana huɗu. Ka share ɗan fili kusa da gida kawai, ka shuka su, ka sayi ƙarin iri na dankalin Turawa a shagon Pierre, wanda ba ya buɗewa ranar Laraba. Kuskuren sababbin shiga shi ne faɗaɗa gona fiye da ƙarfinsu, domin kowace shuka sai an ba ta ruwa da hannu kullum, kuma kowane motsi yana cin ƙarfin jiki. Ka tara itace 50 ka haɗa akwatin ajiya, ka kafa mutum-mutumi da zarar ka sami damar ƙera shi saboda hankaki, ka kuma tara 2,000 ka faɗaɗa jakarka. Kowace safiya ka kalli hasashen yanayi a talabijin, ranar ruwa ba ka da ban ruwa, sai ka tafi kamun kifi ko ramin ma'adinai da ke buɗewa a rana ta biyar. Kamun kifi yana ba da wuya da farko amma shi ne mafi saurin kawo kuɗi a makonnin nan. Manoman fadama za su ji daɗin sanin cewa akwai shinkafa a wasan, kuma idan aka dasa ta kusa da ruwa ba ta buƙatar ban ruwa, tana kuma nuna cikin kwana shida maimakon takwas. Kafin ka sayi kaza ko saniya ka fara gina rumbun ciyawa, domin a zangon sanyi babu abin da za su ci a waje.

Abin da iyaye ya kamata su sani

An yi waɗannan wasanni ne bisa al'adun ƙasashen da suka ƙirƙira su. The Sims 4 an ware shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama a ma'aunin Turai, kuma akwai soyayya da zaman tare ba aure da auren jinsi da mashaya da fatalwa a cikinsa, wasu fakitin kuma kacokan a kan tsafi suke. Stardew Valley ma yana da mashaya da haɗa giya da kiwon alade da gidan caca, duk da cewa ana iya shekaru a wasan ba a taɓa ko ɗaya ba. Mai wasa ne ke zaɓar yawancin abin da zai faru, kuma a The Sims ana iya kashe 'yancin da mutanen ke da shi na yin abu da kansu. Duk da haka uba ko yaya ya fara bugawa da kansa kafin ya miƙa wa yaro, asusun ya kasance a hannun babba, kuma kada a bar bayanan katin banki a ajiye a ciki.

Ƙarin kaya da adana wasa

Idan ka yi wata ɗaya ko biyu a tushen The Sims 4, kai da kanka za ka san abin da ka rasa, sai ka sayi fakiti ɗaya da ya cike wannan gurbin a lokacin rangwame. Seasons, wanda ya fito a 2018, shi ne wanda na fi ba da shawara a fara da shi, saboda yanayi da bukukuwan da yake kawowa suna shafar kowane gida da kowace rana, ba unguwa ɗaya kawai ba. Akwai kuma tufafi da gyare-gyare na kyauta da masu sha'awa ke ƙirƙira, waɗanda ake zubawa a fayil ɗin wasan mai suna Mods. A nan sai an yi hattara, domin a farkon 2024 an gano wasu da aka cusa wa manhajar satar bayanai. Fayil ɗin da ya ƙare da .package ko .ts4script shi ne irin wanda wasan ke karantawa, duk wanda ya zo da .exe ka goge shi. Ka riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, kuma bayan kowace sabuntawa wasan yakan kashe su har sai ka koma saiti ka kunna.

The Sims 4 ba ya ajiye wasanka a intanet, yana cikin Documents, ƙarƙashin Electronic Arts, sai The Sims 4, a fayil mai suna saves, gidaje da iyalan da ka adana daban kuma suna cikin Tray. Na Stardew Valley za ka same shi idan ka danna Windows da R, ka rubuta %appdata%, ka buɗe StardewValley sannan Saves. Ka kwafe su zuwa filash a ƙarshen kowane mako, da kuma duk ranar da za ka kai kwamfutar gyara, domin masu gyara sukan sauya Windows ba tare da sun tambayi abin da ke cikin Documents ba. A sabuwar na'ura sai ka girka wasan, ka buɗe shi sau ɗaya ka rufe don ya ƙirƙiri wuraren ajiyarsa, sannan ka zuba kwafinka a inda na asalin yake.